Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Taswirar Wayoyin Lantarki a Gida

Babban burin kowane ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan shi ne ya mallaki gidan kansa kafin ranar da zai ajiye aiki. Saboda wannan buri ne mutum zai yi shekara da shekaru yana tsimi da tanadi, yana zubin adashi, har Allah ya sa ya sayi fili ya aza harsashi. Kafin a kafa bulo ko ɗaya zai nemi mai zane ya fitar masa da fasalin gidan a takarda, ya kai wa hukumar tsara birane ta sa hannu, sannan ya adana takardar tare da ta mallakar fili. Amma idan gini ya kai ga sa wuta, sai a kira mai wayarin, a zagaya da shi ɗaki-ɗaki ana nuna masa bango da yatsa, shi kuma yana yin alama da gawayi. Bayan 'yan kwanaki birkila ya shafe komai da filasta, mai fenti ya bi baya. Daga ranar nan ba wanda ya san inda wayoyin gidan suka bi sai mutum ɗaya, shi ma a ka ya riƙe. Kai kuwa yana mantuwa, mai shi kuma yana iya ƙaura, ko rai ya yi halinsa.

Wannan sakaci yana da tsada. Shi ne ke sa kafinta ya buga ƙusa domin rataya labule ya huda waya mai wuta. Shi ne ke sa a farfasa bangon falo ana neman inda waya ta tsinke. Mafi muni kuma, shi ne ke sa a ɗora wa siririyar waya nauyin da ya fi ƙarfinta, ta yi ta ɗaukar zafi cikin silin ba wanda ya gani, har daren da za ta kama da wuta mutane suna barci. Maganin duk wannan takarda ce guda, wato taswirar wayoyin lantarki, kuma lokacin yin ta shi ne kafin a sassaƙa bango.

Inda alhakin mai gida ya fara

An fara kunna wutar lantarki a Legas tun a ƙarshen ƙarni na 19. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972, dokar 2005 ta rushe ta, kuma a 2013 aka fara miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni 11, cikinsu har da na Kano, Kaduna, Jos, Yola da Abuja. A duk tsawon waɗannan canje-canje abu ɗaya bai canza ba: aikin mai kawo wuta yana ƙarewa ne a mitar wuta. Daga nan zuwa cikin gida, kowace waya da kowane makunni suna wuyan mai gida.

Abin da ya canza ƙwarai shi ne yawan wutar da gida ke ci. Gidan ma'aikaci na shekarun 1970 bai wuce ƙwan fitila kaɗan da fanka da rediyo da dutsen guga ba. Gidan ɗansa a yau yana da firji, da na'urar sanyaya ɗaki, da hitar ruwa, da injin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, ga janareto ko sola a gefe. Aikin da a da ake iya yi da ka, yanzu sai da alƙalami da lissafi.

Zane iri uku

Abin da ake kira taswirar lantarki zane uku ne da ke tafiya tare. Na farko shi ne zanen wurare. Ana ɗaukar fasalin gidan da mai zanen gini ya fitar, galibi a ma'aunin 1 bisa 50, wato kowane santimita 2 a takarda yana wakiltar tsawon mita 1 a ƙasa, a nuna a kansa inda kowace fitila da fanka da makunni da soket za su zauna. Kowannensu yana da alamarsa da masu sana'a suka sani. Fitila da'ira ce da aka gicciye cikinta, soket rabin da'ira ne, makunni ɗan ƙaramin zobe ne mai jela, wayar ƙasa kuwa layuka uku ne a kwance, kowane ya fi na ƙasansa tsawo. A gefen takardar ana jera alamomin duka da ma'anarsu, domin wanda zai karanta bayan shekara 20 ya gane ba tare da ya tambayi kowa ba.

Na biyu shi ne zanen layi ɗaya. Wannan bai damu da fasalin ɗakuna ba. Yana nuna tafiyar wuta ne kamar reshen bishiya: daga falwaya zuwa fiyus na kamfani, zuwa mitar wuta, zuwa babban makunni, zuwa akwatin rarraba wuta, sannan daga akwatin zuwa layuka dabam-dabam na cikin gida. A kan kowane reshe ana rubuta kaurin wayarsa da ma'aunin makatsin wutarsa, wanda masu sana'a ke kira bireka. Na uku shi ne zanen haɗi, wanda ke nuna takamaimai wace waya ta shiga wane baki, musamman a wuraren da ke da rikitarwa, kamar fitilar zaure da ake so a kunna daga ƙofar waje a kashe daga cikin gida.

Tun a zanen farko ake bukatar mai gida da uwargida su zauna da mai zane. Su ne suka san inda gado zai zauna, da gefen da ƙofa za ta buɗe, da inda za a ajiye firji da keken ɗinki. Makunnin da aka sa a bayan ƙofa, ko soket ɗin da kabad ta rufe, kuskure ne da ake gyarawa da magogi a takarda, amma a bango sai da guduma da kurfi. Ƙarancin soket kuma shi ne ke haifar da jone-jonen wayoyi a ƙasan kafet, inda ake tattaka su har rigarsu ta goge.

Lissafin nauyi

Ma'auni uku ne ginshiƙin wannan aiki. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, kuma a Nijeriya wutar gida tana zuwa ne da kimanin bolt 230. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana cikin waya. Wat shi ne abin da na'ura ke ci, kuma a rubuce yake a jikinta. Idan aka raba wat da bolt sai a sami amfiya.

A ɗauki misalin gida mai falo ɗaya da ɗakuna uku. Fitilu 20 na zamani masu wat 10 kowace sun kama wat 200. Fanka 5 masu wat 75 sun kama 375. A ba firji 150, talabijin da ƙananan kaya 200, dutsen guga 1,000, injin jawo ruwa 750, na'urorin sanyaya ɗaki biyu 2,400, hitar ruwa kuma 3,000. Jimla ta tashi wat 8,075, wato kimanin amfiya 35 idan an kunna komai lokaci guda. Abin lura a nan shi ne fitilun gidan gaba ɗaya ba su kai amfiya 1 ba, alhali hita ita kaɗai tana jan amfiya 13. Duk abin da aikinsa shi ne ya zafafa ko ya sanyaya, shi ne ke cin wuta, kuma shi ne ya kamata mai zane ya fi sa wa ido.

Ba a cika kunna komai a lokaci ɗaya ba, saboda haka masana suna da hanyar rage wani kaso daga jimlar. Duk da haka gidan Bahaushe ba ya tsayawa yadda aka gina shi. Yau an ƙara ɗakin amarya, gobe an mai da zaure shago, jibi an yi wa samari ɗaki a ƙofar gida. Mai hankali zai bar gurbi biyu ko uku babu komai a akwatin rarraba wuta, ya kuma nuna su a taswira, domin ƙarin da zai zo ya sami layinsa na kansa maimakon a goya shi a bayan wani.

Rabon layuka da kaurin waya

Bayan lissafi sai rabo. Ba a haɗa gida duka a layi ɗaya. Fitilu da fanka ana raba su aƙalla gida biyu, domin in ɗaya ya katse kada gida ya zama duhu baki ɗaya. Soket na kicin yana da layinsa dabam da na ɗakuna. Hita, da kowace na'urar sanyaya ɗaki, da injin ruwa, da murhun lantarki in akwai, kowannensu layinsa shi kaɗai tun daga akwati.

Ana auna kaurin waya da murabba'in milimita. Bisa al'adar aikin, layin fitilu yana ɗaukar waya mai 1.5 da bireka mai amfiya 6 ko 10, layin soket waya mai 2.5 da bireka mai amfiya 20, murhun lantarki kuma waya mai 6 da bireka mai amfiya 32. Dalilin wannan daidaito shi ne zafin da waya ke yi yana hauhawa fiye da yadda mutane ke zato. In wutar da ke bi ta cikinta ta ninka sau biyu, zafinta yana ninkawa sau huɗu. Aikin bireka shi ne ya katse wuta kafin waya ta kai ga narka rigarta. Saboda haka bireka mai gadin waya ne, kuma dole ma'auninsa ya kasance bai wuce abin da wayar za ta iya ɗauka ba. Wanda birekansa ke yawan faɗuwa ya sa aka canza masa da babba, ko fiyus ɗinsa ya ƙone ya ɗaura masa jan ƙarfe mai kauri, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Akwai wani wuri da taswira kaɗai ke iya tona asiri. Nijeriya ta gaji tsarin wayarin daga Ingila, har da soket mai baki uku masu kusurwa da aka fito da shi can a 1947. Tare da shi aka zo da tsarin zobe, inda waya mai 2.5 ke fita daga akwati, ta bi soket-soket, ta sake komawa akwatin, ta yadda wuta ke isa kowane soket ta hanya biyu. Saboda hanyar biyu ce, an yarda a sa wa zobe bireka mai amfiya 32. To, idan mai aiki ya ja wayar ta tafi ba ta dawo ba, don ya rage tsawonta, amma ya bar bireka mai 32, wayar da ƙarfinta cikin bututu bai wuce kimanin amfiya 24 ba ta zama ba ta da kariya. A fuskar bango soket ɗin iri ɗaya ne, kuma duka suna kawo wuta. Bambancin yana cikin zane da gwaji.

Zafin bazara da faɗin tsakar gida

Jadawalin ƙarfin wayoyi da ke cikin littattafan sana'a an gina shi ne bisa zafin wuri na digiri 30. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, balle a sararin da ke tsakanin silin da kwanon rufi, inda mafi yawan wayoyi ke bi. Wayar da ke da rigar roba tana rasa kashi 13 cikin 100 na ƙarfinta a digiri 40, a digiri 50 kuwa kashi 29. Wato wayar da littafi ya ce za ta ɗauki amfiya 24 ta koma ta 17. Kuma a daidai wannan lokaci ne ake kunna fanka da na'urar sanyi dare da rana. Mai zanen da ya san ƙasarsa zai sa wannan cikin lissafi.

Haka kuma nisa yana cin wuta. Ƙa'idar Ingila da ake koyi da ita ta ce kada ƙarfin wuta ya ragu a hanya fiye da kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, ko kashi 5 a sauran layuka, wato bolt 11 da rabi. A babban gida mai sassa da yawa, daga zaure inda mitar wuta take zuwa sashen ƙarshe yana iya kai tsawon mita 60. Waya mai 2.5 da ke ɗauke da amfiya 13 a wannan nisa tana zubar da kimanin bolt 14, ta wuce iyaka, alhali mai kaurin 4 ba za ta zubar da 9 ba. Shi ya sa ake auna tsawon kowane layi a kan takarda kafin a je kasuwa. Awon nan kuma yana kare aljihun mai gida, domin da shi zai san nadin waya nawa da bututu nawa aikin ke bukata.

A wajen sayayya ma sai an yi hattara, don araha ba ta ado. Akwai wayoyi a kasuwa da kaurin jan ƙarfensu bai kai abin da aka rubuta a jikinsu ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ita ce ke ba da alamar inganci, kuma ya kamata a neme ta a jikin nadin waya.

Launuka, hanyar bango da wayar ƙasa

Waya uku ke zuwa kowane soket: mai kawo wuta, mai mayarwa, da ta ƙasa. A tsohon tsari mai kawo wuta ja ce, mai mayarwa baƙa, ta ƙasa kuma koriya. Tsakanin 2004 da 2006 Ingila ta koma launukan Turai, wato ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. A gidan da aka shigo masa da layi uku abin yana da haɗari na musamman, domin a tsohon tsari shuɗiyar waya mai wuta ce, baƙa kuma mai mayarwa, a sabon tsari kuwa sun yi musaya. Gidan da aka yi wa ƙari bayan shekaru yana iya haɗa tsarin biyu a akwati ɗaya. Layi guda a gefen taswira da ke faɗin launin da aka yi amfani da shi yana iya ceton ran mai gyara.

Dole kuma zane ya nuna cewa kowane makunni yana kan waya mai kawo wuta ne. In aka sa shi a kan mai mayarwa, fitila za ta mutu in an kashe, amma wuta tana nan a mazauninta tana jiran mai canza ƙwai. A cikin bango, bututun waya yana tafiya ne a tsaye ko a kwance daga makunni ko soket, ba a karkace ba, domin mai buga ƙusa ya iya sanin inda zai kauce wa.

Wayar ƙasa ita ce aka fi yi wa rowa, don ko babu ita fitila za ta kama. Aikinta shi ne in waya mai wuta ta taɓa jikin firji ko hita, wutar ta sami hanya mai sauƙi ta gudu, bireka ya faɗi, maimakon ta bi ta jikin wanda ya taɓa. Tana ƙarewa ne a sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, kuma ya kamata taswira ta nuna wurin sandar, domin busasshiyar ƙasa ta rani ba ta karɓar wuta kamar mai danshi, ana bukatar a riƙa gwada ta. Bugu da ƙari akwai wani makatsi na musamman mai lura da yoyon wuta, wanda ke katsewa da zarar kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ya ɓace daga hanya. Bireka na yau da kullum yana kare waya, wannan kuwa mutum yake karewa, kuma layukan soket da banɗaki da injin ruwa sun fi kowane bukatarsa.

Janareto da sola

Gida kaɗan ne a yau ke dogara da wutar kamfani kaɗai. Duk inda wuta ke shigowa ta hanya biyu, wajibi ne zanen layi ɗaya ya nuna makunnin sauya wuta, wanda ke tabbatar da cewa hanyoyin biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Wanda ya jona janareto kai tsaye a soket yana tura wuta baya zuwa falwaya, taransifoma kuma tana iya ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake. Ga mai niyyar sa sola da batir, ko da ba yanzu ba, dabara ita ce tun a takarda a ware fitilu da fanka da wasu 'yan soket a akwati dabam, a bar hita da dutsen guga da murhu a layin kamfani. Wanda bai yi haka tun farko ba, ranar da ya sayi batir sai an sake bin wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an gama

Aiki ba ya fita daidai da zane ɗari bisa ɗari. Wani wurin an ci karo da ginshiƙi an kauce, wani wurin an ƙara soket. Saboda haka kafin a yi filasta ya kamata a bi bango-bango a ɗauki hoton bututun da wayar hannu, a gyara taswira ta dace da abin da aka yi a zahiri, a sa kwanan wata da sunan mai aiki. Sannan a gwada kowane layi da na'ura: ko wayar ƙasa ta isa ko'ina, ko rigar wayoyi ba ta yoyo, ko ba a juya mai kawowa da mai mayarwa ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce ke da alhakin duba aikin lantarki da ba masu sana'ar takardar shaida, kuma haƙƙin mai gida ne ya nemi ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki. Daga ƙarshe a lambata kowane bireka, a liƙa jerin layukan a cikin murfin akwati, a ajiye kwafin taswirar tare da takardun gida, domin magada da 'yan haya da mai saye.

Ga 'yan makaranta, musamman na kwalejojin fasaha da masu shirin shiga irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, babu darasin da ya fi mutum ya ɗauki fensir da rula ya zana gidan iyayensa, ya ƙirga fitilu da soket, ya karanta wat na kowace na'ura, ya fitar da jimla. Sai dai iyakarsa ke nan. Buɗe akwati da taɓa waya aikin wanda ya koya ne ya sami shaida, don wutar bolt 230 tana kisa. Ga ma'aikacin da ke gini kuwa, kuɗin mai zanen lantarki ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da na rufi ko na tayil, balle da gumin shekara 35 da ke kwance a cikin ginin, balle kuma da rayukan iyalin da za su kwana a ciki. Allah ya kare jama'a daga gobara, amin.